Kyamarar Gaban Mota a Zafin Sakkwato: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk mai tuƙi a cikin garin Sakkwato ya san yadda ƙaramin karo yake ƙarewa. Mota ta fito daga shataletalen Gawon Nama, ɗan kabu-kabu ya kutso ta hannun dama, ba sigina ba ham, sai ka ji ƙwas. Kafin direba ya kashe mota ya buɗe ƙofa, babura goma sun yi fakin, masu keke napep sun tsaya, 'yan kallo sun kewaye. Wanda bai iso ba sai bayan an ɗaga babur, shi ne zai fi kowa ɗaga murya: "Kai ad da laihi, Alhaji, gaban idona anka yi!" Daga nan shari'a ta koma ta yawan baki. Sau da yawa mai mota ne ke biya ko da yana da gaskiya, don a ganin jama'a shi ne mai ƙarfi. Wani lokaci kuma shi ne ya yi gangancin, amma da yake yana da baki da sanayya, sai talaka ya tura babur ɗinsa gida yana ɗingishi.

Saboda irin wannan ne wasu masu motoci suka fara liƙa kyamara a gilashin gaba, wadda masu sayarwa ke kira dashkam. 'Yar na'ura ce da ba ta cika tafin hannu ba. Da ka tayar da mota take kama aiki da kanta, tana ɗaukar bidiyon abin da ke gabanka gutsure-gutsure, na minti ɗaya ko uku, tana zubawa a katin memori. Idan katin ya cika sai ta koma kan mafi tsufa ta shafe, ta ɗora sabo. A cikinta akwai wani abu mai jin girgiza, wanda idan an yi karo ko an taka burki da ƙarfi yakan kulle gutsuren wannan lokacin don kada a shafe shi. Iyakar aikinta ke nan. Ba ta hana haɗari, ba ta kama ɓarawo. Shaida ce kawai wadda ba ta da dangi a cikin taron.

Rashawa ne suka sa duniya ta san ta. Direbobinsu sun rungume ta saboda 'yan damfara masu faɗawa kan mota da gangan don a biya su diyya, da jami'an hanya masu ƙaƙaba wa mutum laifin da bai yi ba. Shi ya sa ranar 15 ga Fabrairu 2013, da wani dutse daga sararin samaniya ya tarwatse a saman birnin Chelyabinsk, ya farfasa tagogi, ya raunata mutum fiye da dubu, yawancin hotunan da duniya ta gani daga gilashin motocin masu tafiya aiki da safe suka fito. A Jamus sai da aka kai ruwa rana kafin babbar kotun tarayya ta yanke, a watan Mayu 2018, cewa ana iya karɓar irin wannan bidiyo a shari'ar haɗari. A nan gida ma akwai dalili na kuɗi. Tun Janairu 2023 hukumar kula da inshora, NAICOM, ta mayar da inshorar dole ta motar gida Naira 15,000 a shekara, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har Naira miliyan 3, kuma daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka fara tsananta bincikenta. Kamfanin inshora ba ya biya sai an san wanda ke da laifi.

Sai dai kyamarar da ta yi shekaru tana aiki a sanyin Rasha ba lallai ta ga ƙarshen bazara ɗaya a Sakkwato ba. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma a inuwa ake auna wannan. Motar da aka rufe a rana a bakin Babbar Kasuwa ko a harabar sakatariyar Usman Faruk daga hantsi zuwa azahar, iskar cikinta takan kai digiri 60, saman dashbod kuma ya wuce 70. Wanda ya taɓa cafkar sitiyari da azahar ya sake shi ba shiri ya san abin da ake nufi. To a daidai wannan wuri, jikin gilashi, inda rana ta fi duka, ake liƙa kyamarar. Don haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: me ke riƙe mata wuta a ciki, batir ko kafasita?

Ga dalili. Kyamara daga wutar mota take ci. Ɗan abin da ke cikinta amfaninsa ɗaya ne: idan wuta ta yanke, ya riƙe ta na 'yan daƙiƙu har ta rufe bidiyon da take kan ɗauka. Idan ba ta rufe shi ba, gutsuren ya lalace, ba zai buɗu ba. A babban karo kuwa wuta takan yanke nan take, ko caja ta fice daga raminta, kuma gutsuren da ake kan ɗauka a lokacin shi ne wanda kake nema. Masu arha da batirin lithiyam suke zuwa, irin na wayar hannu, wanda zafi ne ajalinsa. Ka duba irin waɗannan bayan sun sha bazara: robar jikinsu ta tsage ta gefe, allon ya turo waje, batirin ya kumbura, kwanan wata ya koma 1 ga Janairun wata tsohuwar shekara. Fitilarta na ci, mai ita na ganin tana aiki, alhali duk lokacin da ya kashe mota bidiyon ƙarshe yana mutuwa. Batirin da ya kumbura ma yana iya kamawa da wuta. Mai kafasita, wadda za ka ga an rubuta supercapacitor a kwalinta, ita ce ta ƙasar zafi. Yawancinsu an ƙera su su jure digiri 65 zuwa 70, kuma ana rubuta wannan adadi a bayan kwali ko cikin 'yar takardar bayani. A ganina, a Sakkwato, duk kyamarar da ba ta da kafasita ba abin saye ba ce, komai kyan hotonta.

Bayan wannan sai hoto. A nan ne kwali ya fi yin ƙarya. Za ka ga an rubuta 4K da manyan haruffa a kan na'urar da kuɗinta bai kai na tankin mai ba. Abin da take yi shi ne ta ɗauki ƙaramin hoto ta buɗa shi, girma ya ƙaru, bayani bai ƙaru ba. Ma'aunin gaskiya ɗaya ne: shin za ka iya karanta lambar motar da ke gabanka idan ka tsayar da bidiyon? Mafi ƙaranci shi ne 1080p na gaske. Wanda ke da hali ya nemi 1440p, wato 2K, domin a nan kuɗi da amfani suka fi daidaita. Idon da ke cikin kyamarar ya fi waɗannan lambobi muhimmanci, musamman da dare. Masu idon Sony STARVIS sun yi suna wajen gani a duhu, kuma kamfanonin da ke amfani da shi, irin su Viofo, 70mai, Vantrue da BlackVue, ba sa ɓoyewa, suna rubuta sunansa da lambarsa. Faɗin gani na digiri 130 zuwa 140 ya isa ya kama layuka biyu da gefen titi. Masu tallar digiri 170 suna lanƙwasa hoto, mota ta yi nisa ta ƙanƙance, lamba ta ɓace.

Kada kuma a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Da dare, hasken fitilarka yakan doki lambar mota ta yi fari fat. A cikin hazon hunturu na Disamba da Janairu ma ba ta ganin abin da idonka bai gani ba. Akwai dabarar da direbobi ke yi: idan wani ya buge ka ya gudu, ka karanta lambarsa da ƙarfi, da launin motar. Makirufon kyamarar zai ɗauka.

Gaba kaɗai, ko gaba da baya? A cikin gari, inda babur da keke napep ke manne wa mota a danja da cunkoson Titin Ahmadu Bello ko na Sarkin Musulmi Abubakar, bugun baya ba baƙon abu ba ne, don haka mai ido biyu ta fi, idan aljihu zai ɗauka. Amma gara mai ido ɗaya mai kyau da mai ido biyu ta banza. Akwai mai ido na uku da ke kallon cikin mota, wadda ta dace da direban haya mai jigila zuwa Illela ko Birnin Kebbi, ko mai motar da ya ba wani yana yi masa aiki. Wanda ya sa irin wannan ya gaya wa fasinja, ko ya liƙa sanarwa, domin matan mutane da 'ya'yansu ne ke shiga. Irin wadda ake ɗaurawa kan madubin tsakiya mai faffaɗan allo tana da ɗaukar ido a shago, amma masu arhar cikinsu da batir suke, suna da nauyi, suna sa madubi rawa. Tsohuwar waya kuwa, da wasu ke mayarwa kyamara, minti kaɗan take yi a gilashi ta rubuta cewa ta yi zafi ta kashe kanta.

GPS yana da amfani: yana buga wuri da gudu a jikin bidiyo, yana kuma gyara agogo da kansa. Wi-Fi ma haka, domin da shi za ka janyo bidiyo zuwa wayarka a bakin titi ba tare da cire kati ba. Sauran kwalliyar, irin muryar da ke gargaɗin cewa ka bar layinka, a titin da fentin layinsa ya goge surutu kawai za ta dame ka da shi. Kashe ta za ka yi a makon farko.

Yanzu sai katin memori, wanda ya fi komai jawo kuka. Yadda ake yi da allon makaranta, a rubuta, a wanke, a sake rubutawa, haka kyamara ke yi da kati duk tsawon tafiya. Amma shi kati yana da iyakar sau nawa za a rubuta a kansa kafin ya gaji. Na waya an yi shi ne don a zuba waƙoƙi da hotuna a bar su, shi ya sa a kyamarar mota, ga rubutu ba hutu ga zafi, watanni kaɗan yake yi. Wanda aka yi don wannan aiki an rubuta masa High Endurance, kamar na SanDisk, ko PRO Endurance na Samsung. Bidiyon 1080p yakan ci kamar 6GB zuwa 8GB a awa, na 2K kuma ya haura 10GB. Ke nan katin 64GB zai riƙe kusan awa 8 na farko, ko kamar awa 5 na biyun, kafin a fara shafewa. Mai zirga-zirgar cikin gari wannan ya ishe shi. Mai ido biyu, ko mai doguwar tafiya ta Gusau da Funtua zuwa Zariya, ya nemi 128GB, bayan ya duba iyakar girman da kyamararsa ke karɓa.

Babbar masifar ita ce jabu. Kasuwa cike take da katin da aka rubuta wa 128GB alhali cikinsa 8GB ne ko 16GB. An yi masa dabara ne yadda waya da kwamfuta za su nuna babban adadin. Za ka ga sunayen bidiyo jere reras, amma duk abin da ya wuce ainihin cikinsa ba ya buɗuwa, kuma ba za ka sani ba sai ranar da ka nema. Akwai manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ake sa wa kwamfuta. Tana cika katin taf sannan ta karanta, ta faɗi gaskiyar abin da ya ɗauka. Ka gwada kafin ka sa shi a mota, kuma katin da aka ce kyauta ne a cikin kwalin kyamara mai arha, kada ka dogara da shi.

Wurin saye kuwa, shagunan kayan waya da na kwalliyar mota a cikin gari suna kawowa, akwai kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, akwai Jumia da Konga da Jiji, wasu kuma daga AliExpress suke odar tasu. Farashi dala yake bi, na yau daban na gobe daban. Ka dai ware kuɗin kati mai kyau tun farko, kada ka ƙarar da komai kan kyamara. Idan a shago ne, a jona ta a motarka, a ɗauki minti biyu, a zare caja tana cikin ɗauka, sannan a buɗe bidiyon ƙarshe a gani ko ya tsira. Mai kaya na ƙwarai ba zai ƙi wannan gwaji ba.

Wurin liƙawa shi ne can sama, a bayan madubin tsakiya, ɗan karkace zuwa hannun dama, ɓangaren fasinja. Ka zauna a kujerarka yadda ka saba tuƙi: idan madubi ya ɓoye maka yawancin jikinta, wurin ya yi. Kada a ɗora ta kan dashbod, nan ne zafi ya fi yawa, kuma rabin hoton bonet zai zama. Kada a sa ta tsakiyar gilashi inda za ta tare maka yaron da ke tsallaka titi. Idonta ya kasance cikin inda waifa ke sharewa, in ba haka ba ƙurar hunturu da ruwan Agusta za su rufe shi. Ya kuma sauko ƙasa da shuɗin zanen da ke saman wasu gilasai da baƙaƙen ɗige-ɗigen da ke kewaye da gindin madubi. Sabbin motoci suna da wani akwati a bayan madubi mai ɗauke da idanun motar kanta, a liƙa a gefensa, kada a tare shi. Sai abubuwan da muka saba ratayawa: carbi, turaren mota, katin shiga ma'aikata. Duk wanda zai riƙa lilo a gaban idon kyamara a matsar da shi. Farar hula ko kwalin tishu da aka aje kan dashbod su ma suna fitowa a gilashi, su yi wa hoto lulluɓi. Baƙin kafet na dashbod yana rage wannan sosai.

Abin liƙawa iri biyu ne. Roba mai tsotsar gilashi tana da sauƙin cirewa, amma rana tana sassauta ta, wata rana kana cikin tafiya za ta faɗo maka a cinya. Gam ɗin 3M mai fuska biyu shi ne na nan. Shi ma yana da ƙa'ida. Ka yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, gilashi ba zafi. Ka sayi sifirit a kemis, ka goge wurin da tsumma mai tsabta har sai ya daina santsi, domin gilashin ciki yakan tara maiƙo da ƙura ko da ido bai gani ba. Kafin ka ɓare takardar gam, ka kunna kyamarar ka riƙe ta a wurin, ka duba hoton a allo ko a waya, domin da ya kama ya kama. Ka danna da babban yatsa na rabin minti. In da hali ka bar gindin kyamarar mai gam ɗin shi kaɗai ya kwana, washegari ka zura kyamarar. Wajen saiti, titi ya ci kamar kashi 60 na hoton, sama 40, bakin bonet ya ɗan leƙo daga ƙasa. Idan sama ta yi yawa, hasken ranarmu zai sa kyamara ta rage haske, titi ya yi duhu.

Wayar cajar kyamara kuwa ba a barin ta tana reto. Ana cusa ta ne a bakin silin ɗin mota da ɗan cokalin roba da ke zuwa cikin kwali, a bi da ita zuwa dama, a sauko ta ginshiƙin da ke tsakanin gilashi da ƙofa, a bi cikin robar ƙofa, a wuce ta ƙarƙashin durowar gaban fasinja zuwa ramin caja. A ginshiƙin nan ake kuskure mai haɗari. Motoci da yawa, har da na kwatano irin su Camry, Accord da Sienna na shekarun baya-bayan nan, suna da iyabag da ke saukowa daga nan, za ka ga an rubuta AIRBAG a jikin robar. Dole waya ta bi ta bayansa. Idan ta gitta ta gabansa, ranar da ya tashi fashewa za ta tare shi ko ta zabgo wa fasinja a fuska. Kyamarar baya kuwa a saman gilashin baya ake liƙa ta, a tsakiya, a kauce wa siraran layukan da ke jikinsa. A motar da gilashinta ke ɗagawa tare da but, a bar wa waya rara a wurin lanƙwasa. A yi amfani da cajar da ta zo da kyamarar. Ta bakin titi takan ba da wuta rabi-rabi, kyamara ta riƙa mutuwa tana tashi.

Ka lura da ramin cajar motarka. A yawancin Toyota da Honda yana mutuwa da an zare makulli. A wasu motocin Amurka da na Turai kuwa yana nan da wuta dare da rana, kyamara za ta kwana tana ci, da safe mota ta ƙi tashi.

Wannan ya kawo mu ga gadin mota a fakin, abin da masu sayarwa suka fi zugawa. Ana iya jona kyamara kai tsaye da akwatin fiyus ta wata waya ta musamman, ta ci gaba da ɗauka bayan an kashe mota. Wanda zai yi haka ya sayi wayar kamfanin kyamarar, mai yanke wuta da kanta idan batir ya yi ƙasa, ya saita ta a 12.0V ko 12.2V. Batiran motocinmu zafi ya riga ya ci ƙarfinsu, saitin 11.8V na iya barin ka kana neman masu turi. Rewaya ya yi aikin da ɗan soket na fiyus, kada ya fere wayar mota ya murɗa ya naɗe da salatif, kuma kada ya taɓa fiyus ɗin iyabag ko na burki. Amma a gaskiya, da rana a Sakkwato wannan gadi bai cika yiwuwa ba. Kyamarar da ke aiki tana fitar da nata zafin, ga na rana, ga mota a rufe ba esi. Mai kyau za ta kashe kanta, maras kyau ta gasu. Amfaninsa da dare ne, ko a ƙarƙashin rumfa. Idan za ka daɗe a rana, zare ta daga gindinta ka sa a ƙarƙashin kujera, ka huta da zafi da ɓarawo gaba ɗaya. Masu shimfiɗa abin tare rana mai ƙyalli a gilashi kuma su kula: idan kyamara ta kasance tsakaninsa da gilashi, zafin da yake mayarwa a kanta yake sauka.

Saitin ciki bai wuce na minti biyar ba. Agogo da kwanan wata su zama daidai, mai GPS a sa mata GMT+1, lokacin Najeriya da Nijar. Bidiyon da ke nuna wata rana daban da ranar haɗari, lauyan ɗaya ɓangaren da shi zai fara. Tsawon gutsure minti 1 ko 3. Abin jin girgiza a sa shi a mafi ƙasa, domin in an bar shi sama, kowane rami da kowane tudun rage gudu zai ɗauka karo ne ya kulle bidiyo, cikin mako biyu kati ya cika da abin da ba ya shafuwa, ɗauka ta tsaya. Inda aka ba da zaɓin 50Hz da 60Hz a ɗauki 50, shi ne na wutarmu, yana hana fitilun titi ƙyaftawa a hoto. Allo ya riƙa mutuwa bayan minti ɗaya don kada ya ɗauke maka ido da dare. Makirufo kuwa shawara ce tsakaninka da iyalinka, tun da duk hirar cikin mota zai naɗa. Sau ɗaya a wata ka buɗe bidiyon jiya ka tabbata yana nan, ka goge idon da tsumma mai laushi, ka wanke katin, wato ka yi masa fomat, daga cikin kyamarar kanta.

Ta fuskar doka, ba a neman izini ko lasisi kafin a sa kyamara a mota a Najeriya. Kotu ma tana karɓar bidiyo, amma da sharaɗi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce duk abin da na'ura ta fitar sai an nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, an kuma bayyana yadda aka ciro shi, yawanci ta takardar shaida da mai kula da na'urar zai sa wa hannu. Ba wasa ake da wannan ba. A shari'ar Kubor da Dickson ta 2012, kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan sashen ba. Don haka ka adana katin asali da kyamarar, kada ka yanke bidiyon, kada ka sa masa kiɗa ko rubutu. Wanda ya bi ta WhatsApp ma ya rage kyau, lamba na iya dushewa.

Ka kuma sani cewa wannan shaida ba taka ba ce kai kaɗai. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ga motar gida ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya ta gudu. Idan bidiyonka ya nuna 90 a Titin Maiduguri, ko ya naɗi muryarka kana waya, ko ya nuna ka keta danja, kai ka kawo abin da za a kama ka da shi.

Rundunar 'yan sanda ta faɗa ta bakin kakakinta cewa ɗaukar ɗan sanda hoto yana bakin aiki ba laifi ba ne. Wuraren soja daban ne. Idan za ka shiga barikin Giginya, ko ka iso shingen sojoji a hanyar Gusau ko ta gabashin jiha wajen Goronyo da Sabon Birni, inda ake fama da 'yan bindiga, kashe ta ya fi, kuma in an tambaye ka ka faɗi abin da take yi ba gardama. Haka mai tsallaka iyaka daga Illela zuwa Birnin Konni, ya cire ta ya aje kafin ya kai ga jami'ai. Bidiyon da ke nuna inda jami'an tsaro suke tsayawa ba na sa wa a Facebook ba ne.

Idan abin da ba a fata ya faru, rai ne farko. Ka duba wanda ya ji ciwo, ka kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112. Sannan ka danna maɓallin kullewa, ka janyo bidiyon zuwa wayarka, ka kashe kyamarar don kada ta shafe shi, ka cire katin ka sa a aljihu. A tsakiyar taron da ya fusata kada ka ɗaga waya kana cewa ga hujja, jira jami'i ko dattijon da zai raba. Idan 'yan sanda sun nemi katin, ka tabbata kana da kwafi kafin ka miƙa.

Saura roƙo ɗaya. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta bambanta abin da mutum ya ɗauka don amfanin kansa da abin da ya keta sirrin wani, kuma an sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 saboda abin da suka yaɗa. Ko ba doka ma, wanda ke kwance a bakin titi ɗan wani ne, mijin wata ne. Kyamararka za ta ɗauki haɗarin da ba naka ba, wata rana har da gawa. Ka kai wa jami'an da ke bincike, ko iyalan in sun nema. Don Allah kada uwa ta fara jin mutuwar ɗanta daga bidiyon da ka tura a guruf.